Zuwa ga Sani a Burasel

Garwa, daren Talata

Sani ɗan Turai,

Assalamu alaikum. Wata huɗu ba ka ce uffan ba, har na ce ko wata Baturiya ce ta ƙwace wayar. Mu nan zafi sai gasa mu yake, Binuwai ta ja baya, yara na buga ƙwallo a kan yashi.

Ƙafar Kawu ce ta hana ni barci. Tun faɗuwar da ya yi a babur ciwon ya ci har ƙashi. An canza allura sau uku, ruwa bai daina tsiyaya ba. Da takardar awo ta fito, kusan kowane magani an rubuta masa R a gaba, wato ƙwayar cutar ta daina jinsa. Likita ya fara zancen yankewa. Kawu ya ce da ƙafarsa biyu za a kai shi makwanci. Ka dai san shi.

Wani ɗalibin likita ne ya tsegunta mini maganar faj. Bairos ne da ba ruwansa da mutum, bakteriya yake farauta: ya manne mata, ya zuba irinsa a ciki, ya hayayyafa har ta fashe. Kowanne da irin wadda yake ci, shi ya sa sai an gwada a kan ƙwayar majinyacin tukuna. Kuma a ruwan kwata ake samo su! Na ce ashe lungunmu attajirai ne, ba mu da labari. Tun 1917 Félix d'Hérelle ya bayyana su a Faransa, cibiyar Eliava ta ƙasar Jojiya kuwa tun 1923 take wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen hukuma. Maganin da ake haɗa wa kowa nasa, yaya za a yi masa rajista kamar farasitamol? A Amurka sai an nemo wa majinyaci izini na musamman. Amma Beljiyam ɗinku tun 2018 ta yarda likita ya rubuta, mai haɗa magani ya haɗa wa mutum ɗaya. Asibitin soja na Sarauniya Astrid, da ke aikin faj, na nan garinku. Don Allah ka taka, ka ji ko suna karɓar ƙwayar cutar majinyaci daga nan don gwaji, da abin da zai ci.

Af, Bala ya ƙara aure, bashin dubu goma ɗinka sai a lahira. Inna na tambayar man zafin da ka yi mata alkawari, ta ce na bara ko ƙamshi babu.

Naka,
Habu