Zuwa ga Yaya, kan maganar Nura

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Mu nan alhamdulillahi, sanyi ne dai ya fara leƙowa.

Labari ya iso ni cewa ana ta faɗa a Gangare wai Nura yana kwasar daloli da gasar gudun da yake yi wa jami'arsu a Amurka, ya manta da gida. Yaya, don Allah a kashe maganar nan. Ko sisi ba a biyan yaron nan.

Jami'arsu ƙarama ce, tana rukuni na biyu na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. A wannan rukunin, duk tallafin da aka yarda makaranta ta ba maza masu tsere bai wuce kuɗin karatun mutum 12.6 ba, shi koci yake gutsuttsurawa ga ƙungiyar gaba ɗaya. Rabon Nura ba a hannu ake ba shi ba, ragewa ake yi daga kuɗin makaranta, ni nake cika sauran. Kuma shekara-shekara ake sabunta shi. Mu gode Allah ma, da rukuni na uku ne babu tallafin wasa sam.

Tseren daji suke yi, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, kilomita 8 a kan ciyawa da tudu da taɓo, a gasar yanki da ta ƙasa kuma kilomita 10. A manyan gasa mutum bakwai kowace makaranta take sakawa. Ana haɗa lambar isowar biyar na farko, masu ƙaramin jimla su ne suka ci. Nura yana cikin bakwai ɗin tun bara. Ɗan Jos ne, hawan tudu ba ya ba shi tsoro.

To amma a duba abin da ake zubawa. Wajen kilomita 100 yake gudu a mako. Takalmin atisaye yana mutuwa tsakanin kilomita 600 zuwa 800, wato wata biyu bai cika ba, sabo kuma kusan dala 140. In aka ci gaba da gudu da mataccen takalmi ga ƙarancin barci, ƙashin ƙwauri ne yake tsagewa, sai zaman sati shida zuwa takwas, kakar gasa ta wuce ke nan. Bizarsa ta ɗalibi awa 20 kawai ta yarje masa aiki a mako, a cikin makaranta, kwanuka yake wankewa a ɗakin cin abinci. In matsakaicin makinsa na karatu (GPA) ya faɗi ƙasa da 2.0 za a dakatar da shi daga gasa. Ta ina zai samo kuɗin aikowa?

Saboda haka ka yi wa Kawu Isa magana ya daina kiransa da tsakar dare. Yaron yana jin kunya, ba zai ce babu ba, sai ya rage abinci ya aika. Mai buƙata ni zai nema.

Na san shekara huɗu ban zo ba, ba sai an tuna mini ba.

Na tura naira dubu 400 ta asusun Hadiza. Dubu 250 na maganin Inna ne, kada a taɓa, sauran na kuɗin makarantar yara. A sanar da ni in ya shiga. Na Inna dai, kada a ranta wa kowa. Kuma maganar Kawu, Yaya, a yi ta cikin makon nan.

A gaida Inna, a ce ta sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani