Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. An yi taron wata-wata yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne zaman uwa da 'ya da muka yi a unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe, ranar 11 ga Oktoba, Ranar 'Ya Mace ta Duniya. Sai da muka raba su tukuna, iyaye ɗaki guda, 'yan mata wani ɗakin shida-shida, domin idan uwa na kusa ita ke amsa wa 'yarta tambaya. Aka ba kowane rukuni matsalar yau da kullum: an aike ki cefane canji bai cika ba, ko ƙawa ta ari littafinki gab da jarabawa ta ƙi mayarwa. Yarinya za ta faɗi matsalar da bakinta, ta kawo mafita uku, ta auna abin da kowacce za ta jawo, sannan ta ambaci wanda za ta nemi shawararsa a gida.

Nan bambanci ya fito. Wadda ake neman ra'ayinta a gida, ko da kan miyar dare ne, nan da nan take jero mafita. Wadda ta saba jin "rufe baki, manya na magana" sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, dabararta ɗaya: ta ɓoye. Wannan tsoro ne, a daina kiransa kunya. 'Yan fari sun fi ba mu tausayi, saboda alkunyar da ke hana uwa sakewa da su, shi ya sa muka roƙi kowane gida ya ware goggo ko inna da yarinya za ta riƙa kai wa kuka. Da aka haɗa su da yamma, iyaye da dama har da hawaye.

Ziyarar da muka shirya kaiwa garuruwan Kumo da Dukku ba ta yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, asusu kuwa wayam. Zaman iyaye maza ma kuɗin hayar kujeru ne ya tsayar da shi. Wasu mambobin sai ranar rabon anko ake ganinsu, ma'aji ta gaji da bin gida-gida. Don Allah duk wadda ake bi kuɗin wata ta biya kafin taron Janairu, da shi za mu ɗauki shatar motar Kumo.