Wa ya ce muku matsalar Kanada ce kaɗai? Ayu fa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Lahadi tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi jimlar da mai gabatarwa ya rufe da ita ta hana ni barci. Kun kai mu tsibirin Grand Manan na Kanada, kun ba mu labarin 'yan uwan dolfin da ke shiga shingen kamun kifi su rasa hanyar fita, da yadda tun 1991 masunta ke kiran masu bincike a haɗu a fitar da su da rai. Madalla. Sai kawai ya ce mu a nan Arewa ba ruwanmu da wannan, tunda ba mu da teku. Haba Malam! Ayu fa?

Ni ɗan masunta ne, a Yauri aka yanke mini cibiya. Ina da shekara 12 lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya datse bakin wata ƙorama da shinge da gura, kamar yadda ake yi duk shekara idan ruwan Neja ya fara janyewa. Ashe wata ayu da ɗanta sun shiga fadamar cin ciyawa tun ruwa na cike. Da ta nemi komawa kogi cikin dare, sai ta tarar da shinge, ta yi ta dukansa har ta nannaɗe cikin kallin da aka ɗaura a gefe. Ayu ba kifi ba ce, huhu gare ta irin namu, dole ta ɗago hanci ta shaƙi iska. Raga ta riƙe ta a ƙasa. Da asuba gawarta muka jawo, mutum shida da kyar. Ɗan kuwa kwana biyu yana zagaya wurin, muna ganin hancinsa yana ɓullowa yana nutsewa. Daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Na san bai rayu ba, don nono yake sha.

Baba bai yi niyya ba, shi kifi ya fita nema. Amma kafin azahar masu saye sun iso, ban san wa ya kai musu labari ba. Mai, ƙashi, fata, ba abin da suka bari. Kuɗin da aka ƙirga masa ya fi na kifin da shingen ya kama a kakar gaba ɗaya. To ku gaya mini, masuncin da ya ga haka, gobe idan ya tarar da ayu da rai a bayan shingensa zai buɗe mata ƙofa? A Kanada waya suke ɗauka su kira masu ceto. Mu nan dillalin man ayu ake kira.

Dabbar nan sai ta yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, sannan ta daɗe tana shayarwa kafin ta sake. Dokar Najeriya ta 1985 ta hana farautarta, kuma a 2013 taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Bangkok ya haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Tana kogin Neja, tana kogin Binuwai, tana tafkin Lere na Chadi, tana bakin tekun Legas da Kalaba. Duk wannan mai gabatarwarku bai sani ba? Abin da ya fi ƙona mini rai, ana gama shirin sai ga tallar man ayu a tashar taku, wai maganin mallaka da farin jini. Da baki ɗaya kuna tausayin dabbar Kanada, da ɗayan kuna yi wa tamu kasuwa.

Ku turo wakilinku Yauri ko Shagunu, ya zauna da Sarkin Ruwa da dattawan Sarkawa, ya tambaye su yaushe rabonsu da ganin ayu. Ni rabona ya fi shekara 15.

Sannan don Allah, wannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar baƙo ku rage shi. Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, rabin hirar sai da na maimaita mata.

Naku mai sauraro,
daga Yauri, jihar Kebbi.