Zuwa ga Yaya, kan maganar Auta da gangunan Turawa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. A gaida min su Baba da Inna, a yi wa Gwaggo ya jiki, a gaida mai ɗakinka da yara. Ni lafiya lau nake a nan Landan, sai dai sanyi, shi ma an saba.

Ranar Litinin na turo fam 400 ta hannun da aka saba. Fam 150 na maganin Inna ne, fam 200 kuɗin makarantar Auta, ragowar 50 ka riƙe tukuna, zan faɗa maka abin da za a yi da su. Don Allah kada ka damƙa wa Auta ko sisi. Ka taka da ƙafarka ka biya, ka ɗauko min hoton rasit.

Dalilina shi ne labari ya iso ni cewa kuɗin zangon da ya wuce bai kai makaranta ba, wai Sabon Gari ya kai su kafin alƙalami na wasu gangunan Turawa da aka yi amfani da su, kuma yana cewa zai ajiye karatu ya zama mai kiɗa da waƙa irin Phil Collins. Kwana biyu ban runtsa ba. Ni na riƙa tura masa bidiyon mutumin nan, don haka da nawa laifin a ciki, ban musa ba. Na kuma san abin da Baba zai ce, cewa gidanmu ba gidan makaɗa ba ne. Amma Yaya, kwanon da aka rufa ɗakin Inna da shi daga gyaran ganga da ɗaura ta ya fito, kuma ba na jin kunyar sana'ata. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yaro ya shiga harkar da ido rufe. Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan daga farko har ƙarshe.

Mutumin da yake kwatanta kansa da shi a 1951 aka haife shi a nan Landan. Yana ɗan shekara biyar aka ba shi gangar wasan yara, wato sai da ya yi shekara goma sha huɗu yana bugu kafin ya shiga ƙungiyar kiɗa ta Genesis a 1970, yana da shekara 19. Ranar gwaji ma ya riga lokacinsa zuwa, ya kasa kunne yana jin waɗanda ake gwadawa kafin shi, kafin a kira shi ya haddace kiɗan. Kunne ne ya ci masa aikin. Daga nan shekara biyar ya yi a baya, a bayan ganguna, yana yi wa wani amshi. Sai da mawaƙinsu Peter Gabriel ya tafi a 1975, suka gwada mutane da yawa ba su dace ba, sannan ya karɓi waƙar. Kuma ga abin da Auta bai lura da shi ba: da ya zama mawaƙi, in za su fita yawon wasa sai sun ɗauko wani makaɗi ya zauna masa, da fari Bill Bruford, daga baya Chester Thompson, shi kuma ya tsaya a gaba da makirufo, sai an zo inda babu waƙa ya koma kan gangarsa. Wanda duniya ta yarda da hannunsa ke nan, bai ɗauki kaya biyun a kansa daren duka ba.

Ɗaukaka kam ya samu. A 1981 ya fara fitar da waƙoƙinsa shi kaɗai. A watan Yulin 1985, a wasan tara wa mutanen Habasha gudummawar yunwa, ya yi wasa a filin Wembley, ya hau jirgin sama na Concorde ya ƙetare teku, ya sake hawa dandamali a Filadalfiya ta Amurka, duk a yini guda. Wannan shi Auta yake gani a waya. To a gaya masa sauran. A shekarar 2000 kunnensa na hagu ya samu matsala, jinsa ya ragu. A yawon wasan 2007 ƙashin wuyansa ya goce ya taɓa jijiya, yatsunsa suka daina riƙe sanda, shi da bakinsa ya danganta abin da irin zaman da ya shekara yana yi a kan ganga. Har ta kai ana naɗe masa sanda a hannu da salatif don ya iya bugawa. An yi masa aiki a baya a 2015, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ya koma dogara sanda. Da ya dawo wasa a 2017 ɗansa Nic, mai shekara 16, shi ke masa kiɗa. Wasan ƙarshe na Genesis a watan Maris na 2022 a nan Landan, a zaune kan kujera ya rera shi. Mutum ne mai kuɗin da zai ga kowane likita a duniya, amma hannun bai dawo ba. Auta in nasa ya lalace wa zai kai shi ina?

Kuma duk da sunansa bai koyi karanta rubutun kiɗa yadda ake koyar da shi ba, da kunne da wata alama tasa ya yi aiki. Masu neman aiki a situdiyo yau sau da yawa takardar kiɗa ake miƙa musu, wanda bai iya ba a kira na bayansa. Wanda ya gudu daga aji ba zai zauna ya koyi wannan ba.

Ban ce a hana shi ba. Na ce a bi da shi ta hanya. Fam 50 ɗin nan ka saya masa abu uku: faifan roba na koyo da ake bugawa a madadin ganga, sanduna masu lamba 5A guda biyu-biyu har kashi biyu, da abin toshe kunne. Manhajar ƙirga bugu kyauta ce a waya. Ya saita ta a bugu 60 a minti, ya yi dama-hagu-dama-hagu minti goma, sannan dama-dama-hagu-hagu minti goma, sannan dama-hagu-dama-dama, hagu-dama-hagu-hagu minti goma. Rabin awa ke nan kullum bayan la'asar, kuma kada ya ƙara sauri sai bugun hagu ya yi daidai da na dama a ƙara. Sandar tsakanin babban yatsa da manuni ake riƙe ta, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindi, sauran yatsu su rufa a hankali. In ya damƙe ta kamar taɓarya, duk girgizar bugun a wuyan hannu da gwiwar hannu za ta sauka, nan ciwon jijiya ke farawa. A bar sanda ta dawo da kanta.

Zama shi ne babba. Kujerar ta zama ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, cinya ta ɗan gangara ƙasa, baya a miƙe, kada ya rusuna kan ganga. Duk abin da zai buga ya kasance inda hannu ke kaiwa ba tare da ya miƙa kafaɗa ba. Kunne kuwa, ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 awa takwas ne iyakarta a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Saitin ganga a ƙaramin ɗaki yana haura 100, wato mintoci kaɗan ne. In ya tashi daga kiɗa yana jin kunnensa na ƙugi, ɓarna ta soma, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Waƙa a kan kiɗa sai daga baya. Sai hannu da ƙafa sun iya kiɗan har zai iya hira da mutum bai ɓata ba, sannan ya fara ƙirga ɗaya-biyu-uku-huɗu da baki, sannan ya ɗora baiti. Abin da ke kayar da masu koyo shi ne numfashi: suna riƙe shi in sun zo jujjuya bugu, murya ta yanke, ko kuma kiɗan ya bi murya ya yi ta gudu. Makirufo ta gefe ake kawo shi, daidai baki, don kada ya karkata wuya yana nemansa.

Yanzu maganar gangunan Sabon Gari. Ni so nake a karɓo kuɗin. In mai shagon ya ƙi, to kada a cika masa sai ka je da wanda ya san kaya, an duba su a gabanka. A kwance fatar kowace ganga, a kifa bakin gangar kan gilashi ko tebur mai santsi. In tana rawa ko haske na shiga ta ƙasa, bakin ya lalace, ba za ta taɓa ɗauruwa daidai ba. A auna faɗinta da tef ta fuska biyu, in awon ya bambanta ta lanƙwashe, a bar ta. A juya kowane ƙusan ɗauri, wanda ke zamewa haƙorinsa ya cinye. Babbar ta ƙafa galibi inci 22 ce, ƙaramar mai wayoyi a ƙasa inci 14. A ɗaga maɗaurin wayoyin a sauke a ga yana kamawa. A taka feda, in tana kaɗawa gefe da gefe ta gaji. Faya-fayan tagulla da ake bugawa tare da gangunan, a bi bakinsu da farce, a duba ramin tsakiya: ɗan tsagu kamar gashi ma ya isa, domin ci gaba zai yi, kuma sabon faifai mai kyau tsada gare shi. Abin da ke fasa su shi ne a ɗaure su tamau, ko a ɗora ba da auduga da 'yar robar da ke raba su da ƙarfe ba, ko a sare su kai tsaye maimakon a shafce su ta gefe.

Fata ta roba ce, ba a gasa ta a rana ko a wuta kamar tamu, ka ja masa kunne a kan wannan. In za a ɗaura, a fara juya ƙusoshin da yatsa har su tsaya, sannan da makulli rabin juyi, wannan sai na daura da shi, ana tsallakawa, har a zagaye. A ƙwanƙwasa kusa da kowane ƙusa, sautin ya zama ɗaya. In aka bi su a jere fatar za ta karkace ta yi tamoji. Kada a ajiye su ƙarƙashin kwano da zafin bazara, gam ɗin rufin jikinsu yakan saki, kuma a rufe su da zane lokacin hunturu saboda ƙura.

Yaya, ka yi haƙuri da tsawon takarda. Nauyin gidan duk a kanka yake, ni ina nan sai dai turo kuɗi da ba da umarni, na sani, kuma abin yana damuna. Shekara huɗu rabona da ganin fuskar Inna. Kada ka gaya mata maganar kuɗin zangon nan, hawan jininta ya ishe ta. Baba kuma ka bar ni da shi, zan kira shi da kaina ranar Juma'a bayan an sauko.

Ka faɗa wa Auta in ya kawo sakamako mai kyau a ƙarshen shekara, ya kuma turo min bidiyon rabin awan nan duk mako ba fashi, ni zan aiko masa da ƙaramar ganga da feda masu kyau daga nan, in na samu mai zuwa. In ya bar makaranta kuwa, ko sanda ɗaya ba zai gani daga gare ni ba. Kuɗin makaranta dai kai za ka biya da hannunka, ina jiran rasit. Maganin Inna a sayi na wata uku gaba ɗaya, kada a tsinka. Ka kuma sanar da ni nawa ne ainihin abin da ya kai Sabon Gari, don in san ramin da zan cike.

A gaida Kawu, a ce masa saƙonsa ya iso, sai wata mai zuwa in Allah ya yarda.

Naka,
ƙanenka