Zuwa ga aminina a Fatakwal: maganar mashin ɗin da ya daina ja

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da ɗan autan da aka ce ya fara tafiya. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe dutsen Kufena har ba a hango shi sai rana ta ɗaga. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka kwana biyu ba ka leƙo gida ba.

Saƙonka ya iso, kuma da na karanta sai na ji kamar labarin mashin ɗina kake ba ni. Ka ce tun da aka ƙara masa bulok, aka ɗaura babban kafireto da salansa mai ƙara, in ya miƙe a titi sai dai a ga ƙurarsa, amma in ka ɗauki kaya ko ka tsaya a danja, sai ka yi ta lallaɓa kuloci kafin ya motsa. Wata huɗu na yi ina fama da wannan ciwon bara. Shi ya sa na ce ba zan amsa maka a waya ba, gara in zauna in rubuta, don ka riƙe takardar ka je da ita gareji.

Injinmu iri ɗaya ne, samfurin CG ɗin nan da Honda ta fito da shi a 1975 don ƙasashe irin namu, wanda kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayo. Na asali faɗin fistan ɗinsa milimita 56.5 ne, tsawon hawa da saukarsa 49.5, shi ne ya ba da cc 124. Da aka sa mini bulok mai milimita 62, ya koma cc 149. Wannan ƙarin ba shi da laifi ko kaɗan, shi ne ma abin da ya fi ƙara wa inji ƙarfin ja. Kayan da na jera a kansa ne suka ɓata lamarin. Na sa babban kafireto mai lamba PZ30, na cire akwatin iska na maƙala ɗan gajeren soso, na sa an yanke salansa an yi mata bututu mai faɗi. A hanyar Kaduna kam ya yi daɗi. To amma sau nawa nake hawa hanyar Kaduna? Rayuwata tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari take, sai gona a bayan Shika, sai ɗaukar buhu daga kasuwar Giwa.

Ranar da na gane akwai matsala, a tsakiyar damina ne. Na ɗauro buhun taki, na sauka daga kwalta na shiga hanyar gona, sai ga taɓo a wani ɗan gangare. Na sa giya ɗaya, na murɗa totur, injin ya yi wani irin nishi kamar zai shaƙe. Na riƙe kuloci rabi, na ƙara wuta, ƙara ta cika dajin, taya kuwa ko ta tsaya cak ko ta yi ta wulwulawa. Can sai na ji ƙauri yana tasowa daga ƙasan ƙafata. Faranten kuloci ne suka ƙone. Wani dattijo a kan tsohon mashin ɗinsa da ba a taɓa masa komai ba ya zo ya wuce ni a hankali, da buhu biyu a bayansa, injinsa na bugawa ɗaya-ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Washegari na tura shi wurin wani tsohon bakanike a Sabon Gari. Ya tayar da shi, ya saurara, ya ɗan murɗa totur sau biyu, ya kashe. Sai ya tambaye ni, in zan hura wuta a murhu, baki nake wangalewa ko tsuke shi nake yi? Na ce tsukewa. Ya ce to haka inji yake. In yana juyawa a hankali, iskar da yake zuƙa kaɗan ce. In maƙogwaron kafireto ya yi faɗi, iskar sai ta wuce a sanyaye, ba ta da saurin da za ta tsotso fetur daga jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa, ta watsa shi ya zama feshi. Sai man ya shiga ɗigo-ɗigo, silinda ba ta cika da kyau, bugun ya yi rauni. Babban kafireto ba ya nuna amfaninsa sai inji ya kai ƙololuwar juyi, wurin da ni da kai ba mu cika zama ba.

Daga nan muka fara, kuma ya kafa mini sharaɗi: abu ɗaya za a canza a rana, in hau in gwada a wuri ɗaya, in dawo in faɗi abin da na ji. Wurin gwajina hawan gadar Kwangila ne, da ƙanena a baya, a giya uku, ba tare da na taɓa kuloci ba.

Mun sauke PZ30 mun sa PZ27, wanda maƙogwaronsa bai kai faɗin wancan ba. Wallahi wannan kaɗai ya dawo da fiye da rabin abin da na rasa. Sannan muka mayar da akwatin iska na asali da robarsa mai tsawo. Doguwar hanyar shigar iska tana taimakon inji a ƙaramin juyi, kuma a garin da hazo ke yin wata uku, barin inji da ɗan soso a waje kashe zobban fistan ne kawai. Kai a can ruwa ne zai dame ka, shi ma akwatin ne maganinsa.

Saitin mai ya ci mana kwana uku. Ka riƙe wannan: ƙaramin jet na silo shi ke aiki daga tsaye zuwa kwatan totur, allurar da ke cikin kafireto ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuwa sai ka buɗe totur sosai. Yawancin yara a gareji babban jet suke canzawa, alhali ciwonka yana wurin ƙaramin jet da allura. Allurar tana da tsaga-tsaga a samanta; in ka saukar da maƙalin ƙasa, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Bayan kowane gwaji sai tsohon ya kwance fulogi ya duba a rana. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari don inji zai ɗau zafi. Abin da ake nema shi ne launin ƙasa-ƙasa, kamar soyayyiyar gyaɗa. Kada ka kwafi saitina kai tsaye. Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku, kai kuwa kana bakin ruwa, iskarku ta fi tamu nauyi, don haka naka zai so mai fiye da nawa kaɗan.

Salansa ma hikimar ɗaya ce. Za ka ji ana cewa inji yana son a toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba toshewa yake so ba. Bututu siriri mai tsawo yana sa hayaƙi ya fita a guje, gudun nan kuma yana janyo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, ya buɗe wa sabon mai wuri. Na mayar da bututu mai kaurin na asali. Maƙwabta ma sun huta da ƙarar asuba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka sa wa kunne. In an ƙara bulok ba a taɓa kan inji ba, matsi yana ƙaruwa. Ƙarin matsi yana ƙara ja, amma in ya wuce kima, ko aka samu fetur marar kyau, za ka ji wani ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da kake hawa tudu a babbar giya. Kada ka yi wasa da wannan ƙarar, fistan take ci. Nawa ya yi, muka sa gasket mai ɗan kauri tsakanin bulok da kan inji, ya daina. Ka kuma sa a duba tafet, wato ratar bawul, inji yana sanyi. Mu a 0.08 na milimita muka bar shi, da ma'auni, ba da kunne ba.

Sai a ƙarshe muka taɓa farantin haƙoran da kaca ke hawa. Na gaba mai haƙori 15 ne, na baya 38. Na sa mai 14 a gaba. In ka raba 38 da 15 za ka samu 2.53, in ka raba da 14 kuwa 2.71, wato ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari a taya. Wannan ba ya ƙara wa injin kansa komai, ninka ƙarfin kawai yake yi, kuma gudun ƙarshe zai ragu da kusan wannan adadin. Shi ya sa na ce ka bar shi ƙarshe. In ka fara da shi, zai rufe maka ciwon kafireto, ka yi ta ƙona mai ba ka sani ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ba mai son asarar ko da rabin lita.

Yanzu ina hawa Kwangila da mutum a baya a giya uku, injin na bugawa a natse. Makon jiya na ɗauko buhun masara daga Giwa, na bi ta gangaren nan da ya ƙona mini kuloci, hannuna bai ko je kusa da shi ba.

Ka duba jikin kafiretonka ka turo mini lambar da ke rubuce, da adadin haƙoran gaba da na baya, da hoton fulogi bayan ka yi tafiyar minti ashirin. Zan kai wa tsohon ya gani. PZ27 ɗin kuma in ya yi wuyar samu a wurinku, ka faɗa mini in saya a Sabon Gari in ba direban da ke zuwa can.

Ka gaida mutanen gida duka. Allah Ya tsare hanya, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.