Maƙwabci ne ya fara sanin Kiristocin Roma, ba Kaisar ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne game da shirin tarihi da kuka watsa kwanan baya a kan Kiristocin farko da sarakunan Roma. Na saurare shi har ƙarshe, na kuma ji daɗinsa. Sai dai baƙon naku ya yi wata magana da ta tsaya mini a rai, inda ya nuna kamar tun ranar da addinin ya ɓullo sarakunan Roma suka ɗaura ɗamarar yaƙi da shi, ba dare ba rana, har shekara ɗari uku. Na koyar da tarihi a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma wannan ita ce maganar da ɗalibai suka fi zuwa da ita daga gida. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba haka abin ya tafi ba.

A lissafa sarakunan tukuna. Agustus ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa 14 Miladiyya, kuma a zamaninsa aka yi haihuwar. Tibariyas ya gaje shi har zuwa 37. A ƙarƙashinsa ne gwamna Bilatus ya riƙe ƙasar Yahudiya kimanin shekara goma, daga 26 zuwa 36, kuma a 1961 an tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunansa. Ba zan shiga batun abin da ya faru da Annabi Isa a ƙarshen zamansa a duniya ba, domin Musulmi da Kirista kowa da abin da ya riƙe, kuma ba nan ne wurinsa ba. Abin da nake nufi shi ne, Yahudiya wani ƙaramin lardi ce a can gefen daula, Tibariyas kuwa ya tare a tsibirin Kafiri tun wajen 27, ko Roma ba ya leƙawa. Almajirai 'yan ƙalilan da ke taruwa a gidajen juna a Urushalima ba su isa su hana shi barci ba. Kaligula, wanda ya biyo baya, rigimarsa da Yahudawa ce: a shekara ta 40 ya ce a kafa gunkinsa a cikin Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Urushalima, gwamnan Siriya ya yi ta jan ƙafa, kafin a kai ga yi dogaran Kaligula suka kashe shi a watan Janairun 41.

A zamanin Kalaudiyas ne aka fara jin ƙishin-ƙishin. Marubuci Suwetoniyus ya ce sarkin ya kori Yahudawa daga Roma saboda tarzomar da suke yi a kan wani "Kirestus". Masana da yawa suna ganin gardama ce ta ɓarke a majami'un Yahudawa a kan Almasihu, hukuma kuma ta ɗauka wani ɗan tayar da zaune tsaye ne mai wannan suna yake cikin gari. Ko sunan ba su iya rubutawa daidai ba. Littafin Ayyukan Manzanni na Sabon Alkawari ya ambaci wannan kora, inda Bulus, babban mai wa'azin Kiristanci, ya tarar da Akila da matarsa a Koranti ta ƙasar Girka, ba su daɗe da barin Italiya ba. A garin nan ne aka gurfanar da Bulus gaban gwamna Galiyo, wanda wani rubutu da aka samu a Delfi ya nuna yana kan kujerar wajen 51 zuwa 52. Galiyo ya ce wannan gardamar kalmomi ce da shari'arku, ku je ku sasanta, ya sallami ƙarar. A idon Roma a lokacin, Kirista wani ɓangare ne na Yahudawa, Yahudawa kuwa an ɗaga musu ƙafa saboda addininsu tsoho ne, kuma kullum ana yin hadaya a Haikali domin lafiyar Kaisar. Shi ya sa Bulus, da ya ga shari'a za ta juye masa, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar a matsayinsa na ɗan ƙasar Roma. Kaisar ɗin da ya nemi adalci a wurinsa kuwa Nero ne.

Nero ba ya bukatar wanda zai wanke shi, ni ma ba zan yi ba. A watan Yulin 64 gobara ta tashi daga rumfunan kasuwa kusa da babban filin sukuwa, ta yi kwana shida tana ci, ta lafa, ta sake tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun ƙone ƙurmus, bakwai sun zama kufai, huɗu kaɗai suka tsira. Jita-jita ta cika gari cewa sarki ne ya sa wutar don ya samu filin gina fada. Marubucin tarihi Tasitus, wanda ya rubuta labarin bayan kimanin shekara hamsin, ya ce don a kashe wannan magana ne Nero ya shafa wa Kiristoci kashin kaji. An rufa wa wasu fatun dabbobi aka sakar musu karnuka, an gicciye wasu, an cinna wa wasu wuta da dare don haskaka lambun sarki. Tasitus ba masoyinsu ba ne ko kaɗan, amma ya ce har jama'a suka fara tausaya musu, don an gane ba don amfanin gari ake kashe su ba, don ƙeta ce ta mutum guda. Al'adar Ikilisiya ta ce Bitrus, babban almajirin Annabi Isa, da Bulus a zamanin Nero suka rasa rayukansu a Roma.

To, a lura da abu biyu. Abin ya tsaya a cikin birnin Roma, kuma zargin na ƙone gari ne. Na biyu, Nero bai ƙirƙiri baƙin jinin ba, ya tarar da shi ne a ƙasa ya ɗauka. Da talakawan Roma ba su riga sun tsani mutanen nan ba, da dabarar ba ta ci ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba lallai ne laifin ya zama na wanda aka nuna da yatsa ba. Mutumin Roma ya yarda cewa zaman lafiyar gari yana rataye ne a kan yardar gumaka. Ga maƙwabcinsa ya daina zuwa bikin gari, ya daina cin naman da aka yanka wa gumaka, ya daina ƙona turare, yana fita kafin asuba zuwa wani taro da ba a san abin da ake yi a ciki ba. Sai aka ce ba su da abin bauta, aka ce suna cin naman mutane, aka ce suna lalata da danginsu tunda suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa. Sannan ga batun aljihu, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a shirin ba. Tarzomar da aka yi wa Bulus a Afisa maƙeran azurfa ne suka tayar da ita, masu ƙera ƙananan siffofin ɗakin gunkiya Artimas, don sun ga kasuwarsu za ta faɗi.

Haraji ma ya taka rawarsa. Bayan Titus ya rushe Haikali a shekara ta 70, mahaifinsa, sarki Basfasiyan, ya ɗora wa kowane Bayahude dirhami biyu a shekara, kuɗin da a da ake kai wa Haikali, yanzu kuma ya koma ɗakin gunki Jufita a Roma. Sarki Domishiyan ya tsananta karɓarsa, har Suwetoniyus ya ce yana yaro ya ga an tuɓe wani tsoho ɗan shekara 90 a gaban jama'a don a duba ko yana da kaciya. Da zarar mai karɓar haraji ya fara tambayar wane ne Bayahude, wane ne ba shi ba, inuwar da Kirista yake fakewa a ciki ta fara gushewa. Wanda ba Bayahude ba ya huta da dirhami biyu, amma ba shi da sauran hujjar ƙin yi wa gumakan gari hadaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wasiƙar Filini, gwamnan Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, zuwa ga sarki Tirajan wajen shekara ta 112. Mutum ne lauya, wanda ya riƙe manyan muƙamai a Roma, amma ya ce bai taɓa halartar shari'ar Kiristoci ba, yana tambayar sarki: sunan kawai ake hukuntawa, ko laifin da ke tattare da sunan? A yi wa yaro kamar babba? Wanda ya tuba a sake shi? Da akwai doka tsayayya tun zamanin Nero, da gwamna irin wannan bai yi tambayoyin nan ba. Ya bayyana yadda yake yi: ya tambayi mutum sau uku yana masa barazana, in ya dage a kashe shi, in ɗan ƙasar Roma ne a tura shi Roma. Wanda ya musanta, sai a kawo siffar sarki da gumaka, ya miƙa turare da ruwan inabi, ya zagi Almasihu. Ya azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya don ya ji sirrin, abin da ya samu kawai shi ne suna taruwa kafin wayewar gari a wata rana, su yi waƙar yabo ga Almasihu, su yi alkawarin ba sata, ba fashi, ba zina, ba cin amana, daga baya su ci abinci tare. Kuma ya ƙara da cewa tun da ya fara kamen, an koma ɗakunan gumaka, naman yanka da a da ya rasa masaya ya fara fita. Ni dai da na karanta wurin nan, zuciyata ba ta daina zargin mahauta ba.

Amsar Tirajan gajera ce. Kada a bi su gida-gida ana nema. Wanda aka kawo ƙararsa aka tabbatar, a hukunta shi. Wanda ya yi hadaya a yafe masa. Takardar zargi da ba ta ɗauke da sunan marubucinta kuwa, kada a karɓe ta sam, don mugun misali ce da ba ta dace da zamaninsa ba. Nan kam na jinjina masa, domin na taɓa ganin takarda irin wannan ta raba wani abokin aikina da kujerarsa a wata makaranta da na koyar, kuma har ya rasu bai san wanda ya rubuta ta ba. Amma jinjinar ba ta wuce nan ba. Hukuncin ya bar ran Kirista a hannun maƙwabcinsa: in kuna zaman lafiya ka kwana lafiya, in kuka yi rigimar gona ko bashi, kalma ɗaya a gaban gwamna ta ishe shi. Tartuliyan, marubucin Kirista na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi wa wannan hali ba'a wajen 197, yana cewa in kogin Taiba na Roma ya yi ambaliya ko Nilu ya ƙi cika, sai a ce a jefa Kiristoci ga zaki.

Farauta daga fada wadda ta game daula duka sai a 250 ta zo, lokacin da sarki Disiyus ya ce kowa ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, kuma an samu irin takardun nan da dama a Masar. Masu sauraronku da suka zauna a majalisin tafsiri sun san shi, shi ne Daƙayanus da malamai da yawa suke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi. Mafi tsanani ta zo a 303 a hannun Diyokilishiyan, bayan shekara goma kuma Kustantin da Lisiniyus suka amince da 'yancin addini a Milan.

Roƙona shi ne, in kun sake dawowa kan wannan batu, ku sa a fassara wasiƙar Filini da amsar Tirajan zuwa Hausa a karanta su a iska. Duka biyun ba za su ci minti biyar ba.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya