Wasiƙa Zuwa Ga Mustafa: Kwana Uku a San Luwi

Zuwa ga ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai hunturu da ya fara taɓa mini gwiwa.

Ummanku ta ce an tura ka Dakar taron aiki, kuma idan an tashi kwana uku za su rage maka kafin jirgin dawowa. Ta ce niyyarka ka kwanta a otal ka huta. Na so in kira ka, amma na san halinka a waya: "to Baba, to Baba," kana ajiyewa shi ke nan an wuce wurin. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kada ka ƙarar da kwana ukun nan a ɗakin otal. Kada kuma ka ce sai ka zagaye Senegal duka, ka dawo da gajiya da hotuna ɗari biyar. Zaɓi gari ɗaya ƙarami wanda ƙafarka za ta iya gamawa da shi. Ni dai San Luwi na zaɓa maka. A allon hanya za ka ga an rubuta Saint-Louis, 'yan garin kuwa Ndar suke cewa, kuma idan ka faɗi haka a tasha za a fi sakar maka fuska. Mutanenmu in sun je ƙasar nan Kaulaha suke nufa, su yi ziyara a Madina Baye su juyo. Ni ma haka na yi har sau biyu, sai a zuwa na uku wani abokin tafiya ya ja ni arewa, kuma har yau ina yi masa addu'a.

Daga Dakar tafiyar kilomita 260 ce da 'yan kai, awa huɗu zuwa biyar. Akwai tsofaffin Fijo masu cin mutum bakwai, da Faransanci ana kiransu sept-place. Ka ƙara kuɗi ka karɓi kujerar gaba. Ni na yi rowa na zauna can baya, gwiwata a haɓata tun daga Ces har Luga, da na sauko sai da aka riƙe ni. Kuɗin kaya daban ake biya, a daidaita kafin a ɗaure jaka. Hanyar ta bi ta Tiwawan, garin Alhaji Malik Si, babban shehin Tijjaniyya da ya rasu a 1922. In ka samu hali ka sauka ka yi salla a can. Takarda ba matsala, fasfonka na ECOWAS ya isa, amma ka riƙe katin rigakafin shawara kusa. Kuɗinsu sefa ne, ka nemi ƙananan takardu, domin canji abin faɗa ne a wurin 'yan tasi.

Tsohon garin tsibiri ne a tsakiyar Kogin Senegal, tsawonsa kamar kilomita 2, faɗinsa bai wuce ka ratsa shi cikin minti biyar ba. Ana shigarsa ta gadar Faidherbe, gadar ƙarfe mai tsawon mita 500 da ɗoriya da aka buɗe a 1897. Ka ce wa direba ya sauke ka kafin gadar, ka haye da ƙafa, musamman da la'asar sakaliya lokacin da rana ke dukan gidajen nan masu ruwan ƙwai da jan ƙasa. 'Yan rakiya za su ce maka Eiffel mai hasumiyar Paris ne ya ƙera ta. Ba shi ba ne, wani kamfanin Faransa ne daban, amma kada ka tsaya musu da mai neman abincinsa.

Faransawa sun kafa garin a 1659. Nan ne hedikwatar mulkinsu ta Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, kafin su koma Dakar, kuma UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Wannan duk za ka gani a rubuce a bango. Abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne fadar gwamna da ke tsakiyar tsibirin. A cikinta aka gurfanar da Shehu Ahmadu Bamba ranar 5 ga Satumba 1895, ya yi salla raka'a biyu a gaban masu yi masa shari'a, suka kore shi zuwa Gabon, bai dawo ba sai 1902. Har yanzu almajiransa na taruwa duk shekara saboda raka'o'in nan biyu. Shi kuwa Faidherbe da aka raɗa wa gadar sunansa, shi ne gwamnan da ya kara da Alhaji Umarul Futi a 1857 a Madina ta bakin Kogin Senegal, wadda ke ƙasar Mali a yau, wato Umarun da ya zauna a Sakkwato shekaru har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. Kogin da za ka tsaya a bakinsa ta Futa Toro ya biyo. Ka ga ashe ba baƙon wuri za ka ba kamar yadda kake zato.

A arewacin tsibirin akwai babban masallaci na tun shekarun 1840, da agogo da ƙararrawa a hasumiyarsa, abin da ban taɓa gani a wani masallaci ba. Malikawa ne kamar mu. Tunda ba ka yi niyyar kwana huɗu ba, matafiyi kake, kana da ƙasaru in kana kai kaɗai.

Batun harshe, ɗan Faransancin da ka koya a sakandare zai kai ka otal da gidan abinci, amma a titi Wolof ake yi. Fara da sallama, sannan "nanga def", za a amsa "mangi fi". Godiya kuma "jerejef". Kada ka tambayi hanya ko farashi ba ka gaisa ba, a nan suna da tsanani kamar tsofaffin Kurmi.

Ga kuskuren da na yi, kada ka maimaita. In ka haye ƙaramar gada ta yamma za ka faɗa Get Ndar, unguwar masunta, a kan wani siririn yashi tsakanin kogi da teku. Cunkoso, awaki, yara, kwale-kwale masu fenti kala-kala jere har inda ido ya tsaya. Na tarar da mata suna shanya kifi, na zaro waya na ɗauki hoto ban ce uffan ba. Wata dattijuwa ta miƙe, wuƙar gyaran kifi a hannunta, ta wanke ni tas da Wolof. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Da furfurata na tsaya ina ba da haƙuri, na goge hoton a gabanta. Da ta huce ta nuna mini benci, aka kawo shayi, sai da na sha zagaye uku kafin ta sallame ni. Mutanen nan suna cikin wahala: a 2003 aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a yashin don ambaliya ta samu mafita, teku ya yi ta cinta har ta zama kilomitoci, kuma igiyar ruwa ta rushe gidaje da dama a bakin gaɓa. Ka shiga da ladabi. Tekun kuma kallo kawai, kai ɗan tudu ne, ko a Tiga ban taɓa ganin ka yi iyo ba.

Abincin rana kada ya wuce cebu jen, shinkafa da kifi, wadda ake cewa a garin nan wata mata Penda Mbay ta fara dafa ta. Ɓarzajjiyar shinkafa ce a romon tumatir, an tsaga kifin an cusa masa ganye da tafarnuwa da barkono, ga kabeji da karas da rogo da gauta a kai, da ɗan tsamiya a gefe. Ka roƙi ƙanzon, su ma suna ji da shi kamar mu. Da azahar ake samunta, in ka kai la'asar sai tukunya. Idan aka gayyace ka gida, tire ɗaya za a sa a tsakiya, ka ci gabanka, uwar gida za ta riƙa gutsuro kifi tana turo maka.

Rana ta uku, in kana da ƙarfi, ka ɗauki mota da asuba zuwa Juj, dausayin tsuntsaye mai nisan kamar kilomita 60. Yanzu ne lokacinsa, tsuntsayen Turai sun tsallako Sahara, kwasakwasa dubbai a wuri guda. In kuwa jiki ya ƙi, bar shi, ka zauna bakin kogi ka sha shayi. Ka tafi da rigar sanyi, iskar dare a can ba ta da wasa, kuma ka kwana cikin gidan sauro. Ka baro garin tun da safe ranar komawa, kada ka yi wa jirgi lissafin ƙurewa.

Ummanku ta ce a sayo mata curayen nan na Senegal da take turara ɗaki da shi, kuma wai kada ka bar Baba ya cika ka da surutu. Ka kira ta in ka sauka.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Wassalam.

Mahaifinka